Kwali na Sha Bakwai

A amalanke aka kawo su ranar Talata,
kwalaye ashirin da uku, ɗaure da igiyar rama,
daga gidanta na bakin kasuwar Garwa
zuwa ɗakin ajiyarmu na bayan makaranta.
Aka ce: Sali, ƙirga, sa lamba, ba sai ka karanta ba.
Yaushe aka fara ba kura ajiyar nama?

Gara ta riga ni shiga.
Ta cinye rabin shekarar ambaliya,
ta bar kwanan wata da gaisuwa.
Ƙarfen maƙale takardu ya yi tsatsa, ya bar sawu
irin na goro a haƙorin tsohuwa.

Ga Malama Dijatu Hamajoda a tafin hannuna:
rasit na alli, rasit na siminti,
tikitin jirgi zuwa Janeba, a bayansa
farashin buhun dawa a kasuwar Pitowa.
Hoto a wani zaure mai fitilu, ita kaɗai da mayafi,
ta riƙe jaka kamar mai jiran mota a tasha.
Wasiƙu da Faransanci, a jere kamar kunyar auduga.
Gefen takarda kuwa nata ne,
nan take magana da Hausa, da jan biro.

Kwali na sha bakwai.
Masu ba da kuɗi sun rubuto daga ƙasar sanyi:
mun biya wa yara ɗari uku.
Tafiretarta mai gurgun harafi ɗaya ta amsa:
ɗari biyu da tamanin da bakwai suka rage.
Suka sake rubutowa da ladabi mai kaifi:
a cike lambar, ta fi kyan gani a rahoto.
Ta ce: tawada ba ta haihuwa.
Sannan ta jero sha ukun, kowa da sunan ubansa.

Wannan zazzaɓi ya ɗauke ta da kaka.
Wannan iyayensa sun bi shanu arewa.
Biyu, Binuwai ta cika, ta shiga tsakaninsu da aji.
Ina bi da yatsa, ina hamma,
har na tara.

Sali Bakari, aji huɗu.
Ya bi kawunsa Lagdo kamun kifi.

Na cire tabarau. Na goge. Na mayar.
Sunan bai motsa ba.

A ƙarƙashi an maƙala wani guntun rasit:
man babur, zuwa da dawowa, sefa dubu biyu.
Na tuna ranar.
Na ji ƙarar babur, na shige ƙarƙashin kifaffen kwalekwale,
ƙarnin kifi a hanci, yashi a baki,
ina kallon takalmanta masu ƙura
sun tsaya kamu uku daga fuskata.
Sun daɗe.
Suka juya.
Shekara talatin da ɗaya ina cewa na yi mata wayo.

A rahoto ta buga: ba a same shi ba.
A gefe, da jan biro:
Na ga ƙafarsa. Wanda aka jawo ba ya zama.
A bar masa gurbinsa a benci.

Na dawo, Malama, sai dai da gemu,
ajin dare, fitilar kwai, bencin wasu yaran,
ke kuma kina can wata ƙasa kina jayayya da wasu lambobi.
Da kika dawo ban zo gaisuwa ba.
Da na shirya zuwa, jana'iza na tarar.

Dokar aikinmu ta hana rubutu a takardar mamaci.
Sai na yagi 'yar farar takarda,
na sa fensir: da tamanin da takwas.
Na cusa tsakanin shafi da shafi,
na zuba busasshen ganyen dalbejiya saboda gara,
na ɗaure igiya.

Saura kwali shida.
An kira la'asar tun ɗazu.